Mai masauki da baƙo: robar da take ba da haske

Yara, kun san wutar lantarki ba ta bi ta cikin roba. Shi ya sa ake naɗe waya da ita, don kada wuta ta kama mutum. Amma a shekarar 1977 wasu masana uku, Shirakawa ɗan ƙasar Japan da MacDiarmid da Heeger da suke aiki a Amurka, suka gano wata irin roba wadda wuta take ratsawa. An ba su kyautar Nobel a shekarar 2000. Daga baya aka ga cewa wasu danginta ma suna ba da haske. Ginshiƙinsu karbon ne, wato sinadarin da ya cika gawayi da itace da jikinmu.

Daga ina hasken yake fitowa? Abubuwa da yawa an gina su da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani, ana ce musu molekil. In ƙwaya ta samu ƙarfi, daga wuta ko daga wani haske, sai ta ɗauke shi. Ba ta iya riƙe shi da daɗewa. Nan take sai ta sake shi, ko ya zama zafi, ko ya zama haske. Fuskar talho da yawa na yanzu da irin waɗannan ƙwayoyi aka yi ta. Tang da Van Slyke na kamfanin Kodak ne suka fara ƙera fitilarsu mai kyau a shekarar 1987.

Akwai kuma wani haske dabam, sunansa lazer. Hasken tocila yana watsewa ko'ina. Na lazer launinsa ɗaya ne, kuma yana tafiya siriri kamar zare. Ga yadda ake samunsa: haske ya gitta ta kusa da ƙwayar da take ɗauke da ƙarfi, sai ya sa ta saki nata, iri ɗaya da shi, su tafi tare. Ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu. Einstein ya bayyana wannan tun 1917, amma sai 1960 Maiman ya ƙera lazer na farko, da dutsen yakutu. Na roba ya zo a 1996.

To, a nan wata matsala ta taso. Ƙwayoyi masu jinsi ɗaya suna shanye hasken junansu. Wannan ta fitar, maƙwabciyarta ta haɗiye, sai hasken ya raunana tun bai fita waje ba. Dabarar da masana suka yi ta burge ni ƙwarai. Suka haɗa jinsi biyu. Mai yawan suka kira shi mai masauki, ɗan kaɗan ɗin kuma baƙo. Baƙin ba su wuce biyu ko uku cikin ɗari ba.

Ku tuna da masu gini. Wani yana ƙasa yana jefa tubali, magini yana bisa bango yana cafewa. Mai masauki shi ne na ƙasa: shi yake karɓar ƙarfin, amma ba ya mai da shi haske, sai ya miƙa wa baƙo. Baƙon ne yake haskakawa. Wajen miƙawar ƙarfin yana ɗan raguwa, don haka launin ya sake. Alal misali, akwai mai masaukin da in shi kaɗai ne haskensa tsanwa ne, amma da an sa masa baƙo sai haske ya fito ja. Jan nan kuwa mai masauki ba ya iya shan sa. Sai ya wuce abinsa salin alin. A jami'ar Princeton ta Amurka an yi lazer da wannan haɗi a 1997.

Wani Bajamushe, Förster, shi ya yi bayanin miƙawar nan a 1948. Ya nuna dole ƙwayoyin biyu su kasance dab da juna, kada tazararsu ta wuce nanometir 10. Ku dubi milimetir ɗaya a kan abin awonku, ku raba shi kashi miliyan: kashi ɗaya shi ne nanometir. In tazarar ta ninka sau biyu, saurin miƙawar yana raguwa sau 64.

Abin da ya daɗe yana ba masana wuya shi ne kunna lazer ɗin roba da wutar lantarki kai tsaye. In aka sa wuta, uku cikin huɗu na ƙwayoyin da suka ɗauki ƙarfi sukan riƙe shi, su ƙi sakinsa da sauri, har su riƙa shan hasken sauran. Robar kuma ta yi zafi ta lalace. Shi ya sa aka daɗe ana kunna shi da hasken wani lazer. A 2023 masanan jami'ar St Andrews ta Sikotlan suka manna fitilar roba mai ƙarfi a jikin lazer ɗin: wuta ta kunna fitilar, fitilar ta kunna lazer, ya ba da haske tsanwa.

Irin wannan roba ba ta da nauyi, tana lanƙwasuwa, kuma haskenta yana dushewa in ƙamshin wasu nakiyoyi ya taɓa ta. Saboda haka masana suna gwada ta wajen neman nakiyar da aka binne a ƙasa, a wuraren da aka yi yaƙi, inda manoma suke tsoron komawa gonakinsu.