WARIN FETUR A CIKIN MOTA: GARGAƊI GA DIREBOBI DA FASINJOJI

Sau da yawa fasinja yakan ce yana jin warin fetur a cikin mota, sai direba ya amsa masa da cewa, "Ai haka motar take." Wannan kuskure ne babba. Masu ƙera mota sun shirya hanyar mai a rufe, tun daga tanki har cikin inji. Saboda haka in wari ya iso hancin wanda ke zaune a ciki, to, lalle mai ko tururinsa yana fita ta inda bai kamata ba. An shirya wannan 'yar takarda ne domin a nuna wa jama'a yadda za su gano wurin, da abin da ya wajaba su yi.

Ina Haɗarinsa Yake?

Haɗari na farko shi ne gobara. Ba ruwan fetur ne ke kamawa da wuta ba, tururinsa ne. Fetur kuwa yana fid da tururi mai kamawa ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, balle a zafin ƙasarmu. Tururin ya fi iska nauyi wajen sau 3 zuwa 4, watau ba ya tashi sama, sai ya kwanta a ƙasan mota da ƙarƙashin kujeru da cikin but. In ya kai kashi 2 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsi ɗaya daga wayar batir, ko ƙyastin ashana, ya isa ya ta da wuta.

Na biyu shi ne lafiyar jiki. Shaƙar tururin yana kawo ciwon kai da jiri da tashin zuciya, yana kuma sa direba kasala a kan hanya. Akwai wani sinadari a cikin fetur mai suna benzin, wanda yawan shaƙarsa shekara da shekaru kan jawo sankarar jini.

Yadda Za A Gano Wurin

Lokacin da warin ke zuwa shi ne babban jagora. A lura da waɗannan:

1. In bayan an sha mai ne, a fara duba murfin tanki. Wataƙila ba a ɗaure shi sosai ba, ko robar bakinsa ta tsage. Sa'an nan a duba babban tiyon da ya taso daga bakin tanki. A motoci da yawa na zamani famfon mai yana cikin tanki, murfinsa kuma yana ƙarƙashin kujerar baya. In robarsa ta saki, wari yakan shigo kai tsaye idan tanki ya cika.

2. In warin yana ƙaruwa sa'ad da inji ke aiki, musamman in an kunna fanka ko na'urar sanyaya mota, to matsalar tana ƙarƙashin bonet. Dalili kuwa, iskar da ke shiga mota tana bi ta ƙofofin da ke gindin gilashin gaba, dab da inji. Tsofaffin motoci masu kafireta, irin su Peugeot 504 da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, sukan yi ambaliyar mai in allurar kafireta ta maƙale. Masu injekta kuwa, ƙananan zobban roba na bakin nozul ne kan bushe. Famfonsu yana tura mai da ƙarfi ƙwarai, don haka 'yar tsaga kaɗan sai ta riƙa fesa mai kan inji mai zafi.

3. In da safe ake jin warin bayan mota ta kwana, a duba ƙasa inda ta tsaya. Danshi ko tabo alama ce ta tanki mai tsatsa, ko bututun da dutse ya fasa, ko matacin mai da ya kwance. A tuna fetur yana bushewa da sauri. Rashin ganin ɗigo ba ya nufin babu yoyo.

4. In warin ya haɗu da baƙin hayaƙi, mota kuma tana shan mai fiye da kima, to inji ba ya ƙone mai duka, kuma mai yiwuwa salansa ta huje. Hayaƙin salansa yana ɗauke da gubar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, tana kuwa kashe mutum cikin barci.

5. In duk an duba ba a ga kome ba, a nemi makaniki ya gwada gwangwanin gawayi da ke tsotse tururin tanki a motocin zamani. Cika tanki har baki bayan famfon gidan mai ya tsaya da kansa yakan lalata shi.

Abin Da Za A Yi Nan Take

A tsaya gefen hanya, a kashe inji, fasinjoji su fita, a buɗe ƙofofi iska ta shiga. Kada kowa ya sha taba. Kada a yi bincike da ashana ko fitilar kwai. Tocila ta isa. A jira inji ya huce kafin a taɓa shi. In an ga mai yana ɗiga, kada a sake ta da mota. A kira makaniki ko a ja ta zuwa gareji.

Gyara Na Gaskiya

Murfin da ya lalace a sake shi. Tiyon da ya tsage a sake shi da wanda aka yi domin fetur, a ɗaure da kilif, domin tiyon ruwa narkewa yake yi. Liƙe tanki da sabulu, ko ɗaure tiyo da tsumma da robar taya, ba gyara ba ne, jinkirta masifa ne kawai. Makaniki ya cire wayar batir, ya kuma sauke ƙarfin man da ke cikin bututu kafin ya kwance shi. Kada a kai tanki wajen mai walda sai an wanke shi an kori tururin sarai, gama tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke saurin fashewa.

Haka kuma ana jan kunnen direbobin haya da su bar al'adar ajiye galan kusa da ƙafar fasinja a zura masa tiyo maimakon tanki, da ɗaukar jarkar fetur cikin mota tare da mutane.

In Wuta Ta Kama

A fitar da mutane tukuna. Kada a watsa ruwa, domin fetur yana hawa kan ruwa ya bazu. Kada a wangale bonet, don iska tana ƙara wa wuta ƙarfi. A ɗaga kaɗan a fesa abin kashe gobara mai hoda, in babu a yi amfani da yashi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana bukatar kowace mota ta riƙe abin kashe gobara. A ajiye shi inda hannu zai kai.

Fasinja kuma yana da haƙƙin ya yi magana, in direba ya ƙi ji ya sauka. Kuɗin tiyo ɗaya bai kai kuɗin mota ba, balle ran ɗan Adam. In kunne ya ji, jiki ya tsira.