Idan ɗanki ne ya aikata fa?

Akwai wata mata da har yau ban manta fuskarta ba. Ina aikin dare ta shigo riƙe da hannun 'yarta mai shekara shida, ta ce yarinyar faɗuwa ta yi. Likita ya duba, ya kalle ni, na kalle shi. Sai da muka keɓe, na ba ta ruwa ta sha, sannan ta buɗe baki a hankali ta ce, "Sista, yayanta ne. Ɗana ne, shekararsa goma sha huɗu." Ba ta yi kuka ba. Tambaya ɗaya ta yi mini: "Shi ke nan ya lalace? Haka zai ci gaba da yi?"

'Yar uwa, kullum muna jan kunnen yaranmu kan baƙo, kan mai shago, kan mai kai su makaranta. Abin da ba mu cika faɗa ba shi ne, sau da yawa wanda ya taɓa yaro shi ma yaro ne. Wani rahoto da David Finkelhor da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 2009 ya nuna cewa sama da kashi 35 cikin 100 na waɗanda 'yan sanda suka sani da laifin lalata da ƙananan yara, su kansu ba su kai shekara 18 ba. Abin ya fi yawa daga shekara 12 zuwa 14, kuma mafi yawansu maza ne. Lissafin Amurka ne wannan, amma duk wadda ta yi aiki a ɗakin yara na asibiti a nan gida ba za ta yi mamakinsa ba.

Kafin mu je kan yaron, bari in fara da wadda aka cutar, don ita ce gaba. A kai ta asibiti nan take, kada a tsaya taron dangi. Maganin kariya daga ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72, kuma gara a yi da wuri. Akwai cibiyoyin da aka kafa domin wannan, kamar Salama a Kaduna, Waraka a Kano da Nana Khadija a Sakkwato. Ki gaya mata kin yarda da maganarta, kuma ba laifinta ba ne. Kada a tilasta mata yafiya, kada a zaunar da ita gaban yayan nata a ce su shirya. Rufin asirin da ake yi a kan yarinya, ita ce ke ɗaukar nauyinsa har ta girma.

To, sai tambayar waccan uwa. Shin zai sake?

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Michael Caldwell, ya tattara bincike 106 da suka bi diddigin matasa 33,783 da aka samu da irin wannan laifi, ya wallafa sakamakon a 2016. An bi su kimanin shekara biyar. Waɗanda aka sake samu da laifin lalata ba su wuce kashi 5 cikin 100 ba. A binciken da aka yi daga 2000 zuwa 2015 ma adadin ya sauko ƙasa da kashi 3. Dole a lura cewa waɗanda aka kama kaɗai ake ƙirgawa, kuma laifi irin wannan yana ɓoyuwa. Duk da haka, ratar da ke tsakanin wannan adadi da abin da muke ɗauka a ranmu tana da girma. Mafi yawan yaran da asirinsu ya tonu, manya suka shiga maganar, ba a sake samunsu da shi.

Amma akwai ɗaya gefen. A wani nazarin da Caldwell ɗin ya yi a 2010, kimanin kashi 43 cikin 100 na irin waɗannan matasa sun sake faɗawa hannun hukuma kan wani laifin dabam, kamar sata ko faɗa. Wato abin da ya fi yiwuwa shi ne yaron ya ci gaba da tafiya a karkace ta wata hanyar, idan ba a gano abin da ke cinsa a rai ba. A nan ne maganar lafiyar ƙwaƙwalwa ta shigo.

A 2010 wasu masana biyu a Kanada, Michael Seto da Martin Lalumière, sun haɗa bincike 59 da suka kwatanta samarin da suka yi laifin lalata da waɗanda suka yi wasu laifuffuka. Abin da ya fi bambanta su: na farkon sun fi yawan waɗanda su ma aka taɓa yi wa lalata, ko aka ci zalinsu, ko aka yi sakaci da su. Sun fi zama su kaɗai ba abokai, sun fi fama da fargaba da raina kai, kuma sun fi yawan waɗanda suka ga batsa tun suna ƙanana. Ki dubi wannan na ƙarshen da kyau, sannan ki tuna wayar wa yaronki ke dannawa da dare. Kada dai a fahimce ni a baibai: mafi yawan yaran da aka yi wa lalata ba sa yi wa kowa. Abin nufi shi ne, idan ɗanki ya aikata, akwai tambayar da ya kamata a yi masa cikin natsuwa, ko likita ya yi masa: "Kai, wani ya taɓa yi maka haka?" Yaron matar nan, sai a zama na uku ya ambaci wani babba da ke kiransa ɗakinsa tun yana aji huɗu na firamare.

Ciwon damuwa ko tsohon tabo a zuciya ba sa wanke shi daga laifi. Ya yi ɓarna, kuma dole ya san ya yi, ya daina cewa wasa ne ko ita ta jawo. Sai dai duka da gori ba sa warkar da abin da ya haifar da ɓarnar. Mu kuwa abin da muka saba ke nan: a yi masa dukan kawo wuƙa, a tura shi ƙauye wajen kawu, a rufe maganar. Ni wannan turawar ce ta fi tayar mini da hankali, domin gidan kawun ma akwai ƙananan yara, kuma ba wanda aka gaya wa dalilin zuwansa.

Abin da aka gwada aka ga amfaninsa shi ne maganin da ke haɗawa da iyaye. A jihar Missouri, Charles Borduin da abokan aikinsa sun raba matasa 48 gida biyu. Rukuni ɗaya ma'aikata suna zuwa har gida, suna aiki da iyaye da makaranta, suna duba su wane ne abokan yaron. Ɗayan rukunin aka ba su kulawar da aka saba. Bayan kusan shekara tara, kashi 8 cikin 100 na rukunin farko aka sake kamawa da laifin lalata, ɗayan kuwa kashi 46. Yaran ba su da yawa, don haka ba a gina komai a kan wannan kaɗai, amma ya nuna inda ƙarfin yake: a hannun mutanen gida, idan an nuna musu yadda za su yi.

Ba mu da irin wannan shiri a ko'ina, amma akwai inda za a fara. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri, da sashen masu wannan lalura a asibitocin koyarwa, suna duba matasa. Na san abin da za ki ce, "Ɗana ba mahaukaci ba ne." Gaskiya ne, kuma yawancin masu zuwa can su ma ba haka suke ba. Likita zai duba ko akwai ciwon damuwa, ko rashin iya kame kai, ko jinkirin fahimta, ko shaye-shaye irin su tiramol da wiwi, waɗanda ke rage wa yaro birki. Idan an fara zuwa, a ɗore, don yaron da ya yanke magani a tsakiya ya fi zama cikin haɗari. Idan magana ta kai ga hukuma, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta tanadi a bi da wanda bai kai 18 ba ta hanyar da ta bambanta da ta manya, a jihohin da suka amince da ita.

A cikin gida kuwa, dokoki za su canza daga ranar. Ba zai zauna da ƙananan yara ba babba a wurin, ba raino, ba wanka, ba raka su bayi. A raba makwanci, wanda dama addini ya umarta tun yara na shekara goma. Waya ta kwana a ɗakinki. Idan ƙanwar tana firgita da ganinsa, shi ne zai matsa, zuwa gidan da ba ƙananan yara kuma an gaya wa masu gidan gaskiya. Ya ci gaba da zuwa makaranta, domin zaman banza da kaɗaici su ne abin gudu.

Ki kuma sa masa ido a makonnin farko. Kunya da tsoro kan kai wasu yaran ga tunanin kashe kansu. Idan ya daina ci, ya daina barci, ko ya fara cewa gara ya mutu, a kai shi asibiti a ranar.

Matar nan ta ci gaba da kawo su biyun, kowa da ranarsa, don kada su haɗu a layi. Rana ta ƙarshe da na gan ta, ta ce mini mijinta har yanzu ba ya amsa gaisuwar yaron, amma shi ke biyan kuɗin motar.