Ƙoton Roba

Gabas da Paraku akwai kogin Okpara. Masu fatsa sukan je can da ƙugiya da tana. Amma da rani ƙasa takan bushe, samun tana ya yi wuya. To, sai a yi ƙoton roba.

Ga yadda ake yi. A sami tsohuwar robar cikin tayar keke, a wanke. A yanko siririya da almakashi, tsawon santimita 8. A tsaga wutsiyarta biyu. Sannan a soka ta a ƙugiya, a bar wutsiyar tana reto.

Roba ba abinci ba ce. Me ya sa kifi yake haɗiye ta? Kifaye masu farauta, kamar tsage da giwan ruwa, motsi suke bi. Idan ana jan zare a hankali, wutsiyar takan yi rawa. Sai kifi ya zaci abu mai rai ne, ya cafke.

Yara, kada ku narka roba a wuta, hayaƙinta guba ne. Kada ku yar da ita a kogi, domin ba ta ruɓewa.

Tambayoyi
1. Yaushe samun tana yake wuya?
2. Me yake jawo kifi ga ƙoton roba?