Ukba bin Nafi'u Bai Taka Futa Ba

A Kakuri, kusa da tsohuwar ƙofar masaƙar KTL wadda aka rufe tun 2002, akwai teburin wani mai shayi inda tsofaffin ma'aikata kan zauna bayan sallar isha'i. A nan wani dattijo Bafulatani, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gaban injin saƙa, ya ajiye kofinsa ya dube ni ya ce, "Ɗana, mu fa jinin Larabawa ne. Ukba bin Nafi'u ne kakanmu. Shi ya zo Futa ya auri 'yar sarki, ta haifa masa 'ya'ya huɗu, daga bakinsu aka fara jin Fillanci." Na ce, "Allah ya ja kwana, Baffa," na ja bakina na yi shiru, domin ba a musu da babba a bainar jama'a. Amma maganar ta kwana a raina, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Baffa bai ƙirƙiri zancen nan ba. Malam Abdullahi na Gwandu ya kawo shi, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace shi a Infaƙul Maisuri, Waziri Junaidu ma ya maimaita shi a Tarihin Fulani. Waɗannan ba tsarana ba ne, ko takalminsu ban isa in ɗauka ba. Sun rubuta abin da suka tarar a bakin magabata ne, suka riƙe amanarsa. Sai dai riwayoyin ba su ma haɗu a kan wane Ukba ake nufi ba: wata ta ce ɗan Nafi'u, wata ɗan Amir, wata ɗan Yasir. Shi Ukba bin Amir sahabi ne da ya yi gwamnan Masar a zamanin Mu'awiya, can ya rasu, can kabarinsa yake. Saura ɗan Nafi'u, wanda sunansa ya fi yawo a bakin mutane, shi kuwa sawunsa a rubuce yake.

Baƙuraishe ne daga gidan Fihr, an haife shi a zamanin Manzon Allah (SAW), wajen 622. Ya tashi a ƙarƙashin ɗan'uwansa Amru bin As, ya shiga yaƙin Masar da na Barƙa a Libiya ta yau. A 670 ya kafa Ƙairawan a ƙasar da ake kira Tunisiya yanzu, sansanin soja wanda ya rikiɗe ya zama birnin malamai. Duk almajirin da ya buɗe Risala a zaure, littafin ɗan wannan birni yake karantawa, wato Ibn Abi Zaid. Idan ana neman igiyar da ta haɗa mu da Ukba, ga ta nan a hannun kowane ɗalibin fiƙihun Malikiyya.

Kusantarsa da ƙasashenmu kuwa sau ɗaya ce, kuma ba ta yamma ba. Ibn Abdul Hakam, malamin tarihin Masar da ya rasu a 871, ya ba da labarin cewa wajen 666 Ukba ya ratsa Waddan da Fezzan, ya gangaro kudu har Kawar. Kawar ita ce yankin Bilma a arewa maso gabashin Nijar, inda ayarin raƙuma ke ɗauko kantun gishirin nan da makiyaya ke ba shanu su lasa. Ya ci garuruwan, ya ɗora wa sarkinsu harajin bayi 360. Da ya tambaya ko akwai wasu mutane a gaba, ɗan jagora ya ce bai sani ba, sai ya juya akalarsa arewa. Wannan zuwan mayaƙi ne mai wucewa. Babu zama a ciki, babu aure, kuma tsakanin Bilma da kogin Sanagal, inda Futa take, akwai fiye da rabin faɗin Sahara.

A 675 aka tuɓe shi daga mulkin Ƙairawan, aka naɗa Abul Muhajir Dinar, wanda ya wulaƙanta shi har da ɗauri. Halifa Yazidu ya mayar da Ukba kujerarsa wajen 682, shi ma ya rama, ya sa Abul Muhajir a mari yana tafe da shi cikin runduna. A wannan fita ce ya keta har ƙasar Sus a kudancin Maroko, inda ake ba da labarin ya kora dokinsa cikin Tekun Atlantika don ya nuna ƙasa ce ta ƙare masa. Daga Sus zuwa Futa Toro akwai fiye da kilomita 1,500 na hamada. Bai bi ta nan ba, gabas ya juyo.

Abin da ya faru a hanyar komawa shi ne ya fi taɓa ni a duk rayuwarsa, kuma shi ne ba a cika faɗa ba. Akwai Kusaila, shugaban ƙabilar Auraba ta Barbar, wanda ya musulunta a hannun Abul Muhajir. Ukba ya raina shi, har ya tilasta masa fiɗar tumaki a gaban jama'a. Abul Muhajir, yana cikin mari, ya gargaɗe shi cewa ba a yi wa babban mutum sabon shiga Musulunci haka. Ukba bai ji ba. A 683, bayan ya sallami yawancin rundunarsa ta wuce gaba, Kusaila ya tare shi a Tahuda yana tare da mutum kusan 300. Aka kashe shi, aka kashe Abul Muhajir a gefensa, tsofaffin abokan gaba biyu a fage guda. Allah ya jiƙansu.

To, a wace shekara ya zauna a Futa har ya ga 'ya'ya huɗu sun buɗe baki? Zuriyarsa ma ba ɓoyayya ba ce: Abdurrahman bin Habib da ya mulki Ƙairawan da Yusuf al-Fihri da ya yi gwamnan Andalus duk daga tsatsonsa suke. Gaskiya ne jikansa Habib ya kai hari Sus da bakin ƙasar baƙar fata wajen 734, amma shi ma ganima ya kwasa ya koma. Sarkin Takrur na farko da aka san ya karɓi Musulunci a yankin Futa, War Jabi, ya rasu ne a 1040, fiye da shekara 350 bayan Tahuda. Sannan harshen kansa shaida ne. Fillanci ɗan'uwan Serer da Wolof ne na ƙasar Sanagal, kalmomin Larabcin da ke cikinsa kuwa aro ne ta hanyar addini, kamar yadda Hausa ta ara.

Na fahimci abin da ya sa zancen ke da daɗi a kunne. Kuntawan Sahara ma ga Ukba suke jingina, sarakunan Borno na da ga Saifu bin Zi Yazan, mu Hausawa ga Bayajidda daga Bagadaza. Ƙauna ce ga addini da ƙasar da ya fito, ba na kiranta ƙarya. Amma gidan Shehu Usmanu bai buƙaci wannan aro ba. Kakansa Musa Jokollo daga Futa ya taso zuwa Ƙonni, kuma abin da ya ɗaga zuriyarsa karatu ne da karantarwa, wanda littattafansu ke shaida har gobe.

Roƙona ga malaman Islamiyya na Kakuri da Makera da Kurmin Gwari: idan darasi ya zo kan Ukba, a karantar da yara Ƙairawan da Kawar da Tahuda, har da nasihar Abul Muhajir da aka ƙi ji. Kai kuma Baffa, ka gafarce ni, idan Allah ya hore maka ziyara, kabarin Ukba yana garin Sidi Ukba, kusa da Biskra a Aljeriya.