Daga Ofishin Kuɗi Zuwa Ɗakin Lacca: Matsayin Ƙwararren Akanta a Jami'o'in Nijeriya

Gabatarwa

Akantanci fanni ne da aka haifa a kasuwa kafin ya shiga makaranta. Tsarin rubuta kowace hada-hada sau biyu, ɓangaren shiga da ɓangaren fita, 'yan kasuwar Italiya sun daɗe suna aiki da shi kafin Luca Pacioli ya bayyana shi a littafinsa na 1494. Saboda wannan asali, sassan koyar da akantanci kan buƙaci malamai iri biyu: masu zurfin bincike da kuma waɗanda suka riƙe littattafan kuɗin kamfani da hannunsu. Wannan maƙala ta duba halin da rukuni na biyu yake shiga idan ya bar kamfani ya koma koyarwa a jami'a.

Abin da Ƙwararre Yake Kawowa

Wanda ya shekara goma sha biyar yana haɗa rahoton kuɗi na ƙarshen shekara ya san abubuwan da littafin karatu ba ya faɗa. Ya san yadda shugabanni suke matsa wa akanta ya ƙawata riba, da yadda ake jayayya da odita a kan bashin da ake shakkar dawowarsa. A watan Agustan 2009 Babban Bankin Nijeriya ya sauke shugabannin bankuna biyar saboda tarin basussukan da suka lalace. Malamin da ya yi aikin banki a lokacin zai iya nuna wa ɗalibai yadda irin wannan bashi yake ɓuya a cikin rahoto mai kyan gani.

Haka kuma dokokin aikin suna sauyawa da sauri. An kafa dokar hukumar kula da rahoton kuɗi ta ƙasa a 2011, kamfanonin da ke kasuwar hannun jari suka koma ƙa'idojin duniya na IFRS daga 2012, sannan aka sabunta dokar kamfanoni a 2020. Ma'aikacin kamfani ya aiwatar da waɗannan sauye-sauye tun kafin su shiga manhaja.

Ma'aunin Jami'a Daban Yake

Sai dai jami'a ba da mudun kamfani take awo ba. Takardar ƙwarewa ta ICAN, wadda aka kafa a 1965, ko ta ANAN, wadda ta samu amincewar doka a 1993, tana da daraja a sashen akantanci, amma ba ta maye gurbin digirin digirgir. A yawancin jami'o'in ƙasar nan, malami ba ya kaiwa matsayin babban malami sai da wannan digiri da kuma maƙalun da aka buga a mujallun ilimi. Don haka daraktan kuɗi wanda ya shugabanci ma'aikata masu yawa yana iya samun kansa a ƙananan matakan koyarwa, a ƙarƙashin shugaban sashe wanda ya girme shi a ilimi amma bai kai shi shekaru ba. Albashi ma yakan ragu ƙwarai, ga kuma yajin aiki irin na ASUU a 2022, wanda ya ɗauki wata takwas.

Babban ƙalubalen shi ne bincike. A kamfani, tambaya tana ƙarewa da zarar an yanke shawara. A jami'a kuwa, sai an kafa tambayar a kan ra'i, an tattara bayanai ta hanyar da wani zai iya maimaitawa, sannan masana sun tantance. Koyarwa ita ma sana'a ce mai zaman kanta. Iya ruwa daban, koya wa wani iyo daban. Ƙwararren da ya saba yin lissafin faɗuwar darajar kadara ba tare da tunani ba, dole ya koyi warware shi daki-daki ga ɗalibin aji ɗaya. Idan bai yi haka ba, laccarsa za ta zama tarin labaran ofis masu daɗin ji waɗanda ba sa taimakon ɗalibi a jarrabawa ko a wurin aiki.

Yadda Ake Rage Tazarar

Masu son wannan sauyi sukan fara da koyarwa ta wucin gadi a shirye-shiryen ƙarshen mako, suna riƙe da aikinsu, su kuma yi rajistar digiri na gaba tun kafin su ajiye aiki. Mafi dacewa shi ne su zaɓi batun bincike daga matsalar da suka gani da idonsu, kamar haraji ko kula da basussuka. Bayan sun zama malaman jami'ar gwamnati, asusun TETFund yana tallafa wa ƙarin karatun malamai.

Jami'o'i ma suna da nasu rabon. Ƙungiyar AACSB, mai tantance makarantun kasuwanci daga Amurka, ta raba malamai gida huɗu a ƙa'idojinta na 2013, biyu daga ciki na waɗanda suka shigo da ƙwarewar aiki ne. Wannan tsari ya ba su gurbi sananne, ba a auna su da mizanin masu bincike kaɗai.

Kammalawa

Ɗalibin akantanci zai fita ya sa hannu a kan rahoton da masu ajiya a banki, 'yan fansho da hukumar haraji za su dogara da shi. Yana buƙatar malamin da ya san ra'i da kuma wanda ya san inda ake karkatar da alƙaluma. Sashen da ya buɗe wa ƙwararru hanya, ya kuma taimake su su zama malamai na gaske, shi ne zai haɗa wa ɗalibansa biyun.