Auren Biza da Ƙaryar Intabiyu: Gargaɗi ga Mutanen Tambuwal da Kebbe

Jama'ar Tambuwal da Kebbe, wata ɓarna ta shigo mana, kuma ta ƙofar aure ta shigo. Ana sayar da igiyar aure don a sami biza. Ana koya wa matan aure ƙarya, su je su rantse a kanta a gaban jami'in wata ƙasa. Ana rubuta saki a takarda a ce wasa ne. Ana yi, mun sani, mun ja baki mun yi shiru.

Ya zama wajibi a fasa wannan ƙwai.

Mu mutanen tafiya ne tun asali. Iyayenmu sun ci rani a Ikko da Ibadan da Kumasi, sun bar mata a gida, sun dawo da faɗuwar damina. Ba wanda ya ce aure ya mutu don miji yana nesa. Yau nisan ne ya ƙaru. Likita yana Saudiyya, ɗalibi yana Ingila, direba yana Amurka, matarsa tana Dogon Daji ko Jabo ko Kuchi tana renon 'ya'ya. Rashin tsaron da ya addabi ƙauyukan Kebbe ya ƙara tura samari waje. Ranar da miji ya nemi ɗaukar iyalinsa, sai hukumar can ta ce a kawo hujjar cewa auren na gaskiya ne, a kira matar a yi mata tambayoyi.

A daidai nan ejan, wato dillalin biza, yake tsaye yana jira.

Yana da abin tsorata mutane, domin ƙofofin sai ƙara ƙuntata suke yi. A farkon 2020 Amurka ta dakatar da ba 'yan Najeriya bizar ƙaura, ba a ɗage ba sai Janairun 2021. A Yulin 2025 ta mai da yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya ta wata uku, shiga ɗaya. Birtaniya kuwa daga Janairun 2024 ta hana yawancin ɗalibai tafiya da iyali, a Maris ta hana masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya, a Afrilu ta ɗaga mafi ƙarancin albashin mai son kai matarsa daga fam 18,600 zuwa fam 29,000 a shekara. Ejan ya haddace duk waɗannan. Da su yake karya zuciyar mutum, sannan ya ce masa gaskiya ba ta ci a wurin Bature, a bar masa aikin.

Ku dubi yadda yake aikin. Zai zaunar da yarinya a shagonsa, ya miƙa mata takarda cike da amsoshi. Ki ce a jami'a kuka haɗu. Kar ki ce iyaye ne suka haɗa ku. Ki ce ya zo bara da ƙaramar salla. Kar ki kuskura ki ambaci uwargida. Zai sa a haɗa hotuna a kwamfuta, ga ta ga miji a wurin da ba su taɓa zuwa ba. Ta kwana tana bita. Ta ɗauki doguwar hanya zuwa Legas, domin a ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke can ake ganawar bizar ƙaura. A ɗauki zanen yatsunta, ta ɗaga hannu ta yi rantsuwa. Jami'i yana bayan gilashi, takardun mijin duka suna gabansa. Ya tambaye ta yaushe rabonta da shi. Ta ce bara. Bayanan tafiye-tafiyen mijin suna nuna bai taka Najeriya ba a wannan shekarar. Ya sake tambaya ta wata fuska. Bakinta ya sarƙe.

Auren nan na gaskiya ne. An biya sadaki, an kai lefe, an yi suna har sau biyu. Ƙarya ce ta mai da shi abin zargi. Ejan ya riga ya karɓi kuɗinsa, wayarsa a kashe.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a wannan fagen hukuncinsa a rubuce yake. A dokar Amurka, wanda aka kama ya ɓoye gaskiya ko ya shara ƙarya kan muhimmin abu don samun biza, haramcin shigarsa na har abada ne, afuwa kuma ba kowa ke samu ba. Wanda aka tabbatar ya yi auren bogi don takardu, ba za a sake amincewa da takardar ɗaukarsa ba ko da daga baya ya yi sahihin aure. Tun 1986 dokar ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 5 da tarar da ta kai dala 250,000. Ko an tsallake ranar ganawa ba a gama ba: idan auren bai cika shekara biyu ba, izinin zaman na sharaɗi ne na shekara biyu, sai an sake kawo hujja. A Birtaniya ma yaudara a takardun biza tana iya jawo haramcin shiga har shekara 10. Tun 2019 fom ɗin bizar Amurka yake neman sunayen da mutum ke amfani da su a Facebook da makamantansa. Hoton bikin da aka ɓoye wa jami'i yana nan a shafin ƙanwar ango.

Ya zama wajibi kowane gida ya san wannan kafin ya sayar da gona ko shanu ya kai wa ejan.

Akwai wadda ta fi wannan muni, ita ce sakin takarda. Amurka ba ta yarda da mace fiye da ɗaya ba, kuma tana hana shiga ga wanda ya zo da niyyar zama da mata biyu. Birtaniya ba ta ba mace ta biyu bizar aure muddin wata matar mijin ta riga ta shiga a matsayin matarsa. Wannan dokarsu ce a ƙasarsu. Mai mata biyu ya san da ita tun kafin ya fara, ya yi shawara da iyalinsa. Amma ejan sai ya ce abu ne mai sauƙi: a rubuta cewa an saki uwargida, a buga hatimi, ai a takarda ne kawai.

Subhanallahi! Wane malami ne ya ce akwai saki na takarda kawai? Duk ɗalibin da ya zauna a zaure a ƙasar Sakkwato ya san hukuncin mazhabar Malikiyya: aure da saki ba su da wasa, wanda ya yi su da wasa sun hau kansa. Mutum ya sa hannu ya saki matarsa, ya dawo hutu ya shiga ɗakinta, bai tambayi kowa matsayin igiyarsa ba. Wasu matan ma ba su san an rubuta ba. Ranar da ta Allah ta kasance a kan mijin a can, wannan takardar ce za a fito da ita, a ce baiwar Allah ba matarsa ba ce, ba ta da gado. 'Ya'yanta da aka share daga fom don kar asiri ya tonu, da wane baki za a ce nasa ne ranar da ake son kai su karatu? Uwar gida ta shekara ashirin, an kashe mata aure a ɓoye saboda hatimi a fasfo. Wannan zalunci ne, kuma duk wanda ya sani ya yi shiru yana da kamasho.

Sai auren kwangila. A haɗa yarinya da mutumin da ba ta taɓa gani ba, a ce shekara biyu ne, in takardu sun fito kowa ya kama gabansa. Ko saurayi ya bar matarsa a gida ya ɗaura da wata da ya samu a waya, niyyarsa takarda. Auren da aka yanka wa wa'adi tun farko malaman Sunna sun haɗu a kan ɓacinsa. Yarinyar da aka fitar da sunan aure kuwa, da ta sauka aka karɓe fasfonta, ba ta da wanda za ta kai wa kuka. Ta wannan hanya masu safarar mutane suke kai 'ya'yan talakawa aikatau da abin da ya fi aikatau muni. Hukumar NAPTIP da aka kafa a 2003 don yaƙi da wannan tana da ofishi a Sakkwato. Ya zama wajibi a riƙa kai mata rahoto tun yarinya tana gida.

Kar wani ya ce mai ƙarya kansa ya cuta. Mu tuna Satumban 2012. Saudiyya ta tsare mata maniyyata 'yan Najeriya kusan dubu a filayen jirgin Jidda da Madina kan batun muharrami, ta dawo da ɗaruruwa gida, har Najeriya ta dakatar da jigila na ɗan lokaci. An ruwaito cewa wasu mazajensu suna tare da su, sunan da ke fasfo ne bai zo ɗaya ba. Shugaba Goodluck Jonathan ya naɗa tawaga don sasanta lamarin, kuma ɗanmu ne ya jagorance ta, Aminu Waziri Tambuwal, kakakin majalisar wakilai a lokacin, wakilin mazaɓar Kebbe da Tambuwal. Waɗancan mata ibada suka je, kuma zargi kaɗai ya isa ya kwanar da su a filin jirgi. To ina ga ranar da jami'an biza suka shaida yankinmu da takardun aure na jabu? Mai gaskiya ce za ta fara shan wahala.

Zama nesa da juna ba laifi ba ne a dokar kowace ƙasa daga cikin waɗannan. Don raba wannan nisan aka yi bizar aure tun farko. Abin da jami'i yake son gani shi ne auren yana raye. Hujjojin kuwa suna cikin gidajenmu: takardar shaidar aure daga kotun shari'a ko wurin rajista, katin ɗaurin aure, hotunan kamu da walima da suna, shaidar banki ta kuɗin cefane da miji ke turowa, saƙonnin murya na WhatsApp, tikitin jirgi da hatimin zuwansa gida, takardun haihuwar yara daga Hukumar Ƙidaya. A tattara su tun yau, a adana. A duba sunaye. In katin ɗan ƙasa ya ce Hauwa'u, fasfo ya ce Kulu, takardar aure ta ce wani abu dabam, a gyara ta hanyar hukuma kafin a cika fom. A bar rage shekaru.

Wanda aka ɗaura masa aure ta wakili yana wata ƙasa, ya sani cewa Amurka ba ta ƙirga wannan auren sai ma'auratan sun haɗu sun tare bayan ɗaurin. Ya zo gida. Kar ya bari a rubuta masa zuwan da bai yi ba.

A nan dole in juya ga mazaje, domin su ne suke buɗe wa ejan ƙofa. Mutum ya shekara uku a waje, matarsa ba ta san sunan garin da yake ba, ba ta san aikinsa ba, ba ta san da wa yake zaune ba. Kira sai na "yaya yara, kuɗi sun shigo?" Ranar ganawa ta matso, sai a nemo mai koya mata hadda. Ya zama wajibi miji ya sanar da matarsa rayuwarsa: ina yake kwana, me yake yi, yaushe aka haife shi, ya taɓa aure ko bai taɓa ba, 'ya'yansa nawa. Haƙƙinta ne ko babu biza.

Ke kuma 'yar'uwa, kunyarmu abin alfahari ce, amma ranar nan ki faɗi cikakken sunan maigidanki da bakinki, ba rashin tarbiyya ba ne. In iyaye ne suka haɗa ku, ki ce iyaye ne. In an tambayi dalilin da ba ki cikin hoton ɗaurin aure, ki ce a al'adarmu maza ne ke taruwa a masallaci ko ƙofar gida, waliyyi ne ke bayarwa. In ba ki gane tambaya ba, ki nemi a maimaita. In ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba. Kar ki yi kame-kame.

Ya zama wajibi limamai su tambaya kafin su ɗaura: ina ango, waye shi, waye ya san asalinsa? Ya zama wajibi su hau mumbari ranar Juma'a su faɗi hukuncin sakin takarda da auren wa'adi ƙarara.

Ya zama wajibi duk mai riƙe da hatimi ya ji tsoron Allah. Wanda ya mai da kwanan wata baya a takardar aure, ko ya shaida sakin da bai gani ba, shaidar zur ya yi.

Ya zama wajibi hakimai da dagatai da masu unguwanni su san masu wannan sana'a a ƙasarsu, su miƙa su ga 'yan sanda da hukumar shige da fice. Ejan ba aljani ba ne. Yana da shago, yana da lambar waya, yana da masu kai masa ciniki a cikinmu.

Ya zama wajibi iyaye su daina rufe ido don an ce yaro yana waje. Ku bincika kamar yadda za ku bincika in daga Sanyinna ya zo neman aure, har ma fiye.

Dokokin biza suna sauyawa a kai a kai. Kafin ku biya ko sisi, ku sa ɗanku mai ilimi ya karanta abin da ofishin jakadancin ya wallafa da kansa. Babu ejan da ke da iko a kan hukuncin jami'i, duk wanda ya ce yana da hanya a ciki maƙaryaci ne.

Wanda aka riga aka miƙa wa takardar hadda, ya yaga ta yau. Wanda aka riga aka cika wa fom da ƙarya, ya nemi lauya na gaskiya a gyara kafin ranar rantsuwa. Wanda ya sa hannu a takardar saki, ya tafi wurin malami ko alƙali a daren nan, kafin ya sake shiga ɗakin matarsa.