Yadda ake zama mai garka

A Nijar damina gajera ce, kuma hatsin rumbu ba kullum yake kai iyali wata damina ba. Shi ya sa bayan farin 1984 gwamnatin Saini Kunce ta ƙarfafa noman rani.

Yawancin masu garka wajen iyayensu suka koyi aikin. A Galmi, cikin jahar Tawa, yaro yakan fara da ban ruwa da korar awaki. Sannu a hankali ya iya yafa irin albasa, ya iya dashe, ya gane cewa in ganye ya kwanta albasa ta nuna. Ajiya cikin rudu ita ce mai wuya. In aka zuba albasa da danshi, sai ta ruɓe tun ba ta yi tsada ba, wahalar watanni ta tashi a banza.

Akwai kuma hanyar makaranta, ga maza da mata. Wanda ya gama kwaleji yana iya neman shiga makarantar IPDR ta Kollo, kusa da Yamai. Can ake horar da malaman gona, masu nuna wa manoma yawan takin da ya dace da yadda ake fesa magani ba tare da cutar da mutane ba. Mai bakaloreya kuwa yana iya karatun noma a Jami'ar Abdu Mumuni, ya fito injiniya.

Wasu ba su noma da kansu, amma da garka suke ci: mai auren mangwaro, mai sayar da iri, da makanikin injin ban ruwa.